Abin da littafin gyaran motoci ya koya mini game da tsada da ƙarko

Na yi shekaru ina kula da motocin wata ma'aikata. Ni ba bakanike ba ne, aikina rubutu ne: wace mota ta je gareji, me aka canja mata, kwana nawa ta yi a ajiye, nawa ta ci. Motocin kuwa gauraye suke, akwai na manya masu kujerun fata, akwai ƙanana na aike da kai-komo. Wanda duk ya daɗe yana cika irin wannan littafi zai ga abin da dillali ba ya faɗa, wanda direba ma ba ya lura da shi. Tsadar mota daban, ƙarkonta daban. Sukan haɗu a mota ɗaya, amma ba tsadar ce ke kawo ƙarkon ba.

Kada a ɗauka ina cewa kuɗin da ake zubawa a babbar mota asara ne. Akwai abin da yake saya: shiru a cikin mota, kujerar da ba ta gajiyar da baya, inji mai amsawa da an taɓa shi, sai kuma fasahar da ba ta kai ga sauran motoci ba tukuna. A shekarar 1978 Mercedes da Bosch suka sa birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, a S-Class, babbar motar alfarma ta Mercedes. A 1981 aka fara samun jakar iska ta kariya a sitiyarin wannan jerin motoci, a 1995 kuma na'urar ESP mai hana mota zamewa a kwana. Duk waɗannan sun fara ne a motocin masu hali kafin su sauko ga kowa.

Sai dai wanda ya fara samun sabon abu, a kansa ake gwada shi. Mercedes ɗin dai ta sa wani birki da kwamfuta ke sarrafawa, SBC, a E-Class ta 2002. An yi kiran motoci don gyara a 2004 da 2005, na biyun ya haura mota miliyan ɗaya, kuma da aka sabunta E-Class a 2006 sai aka cire shi aka koma birkin da aka saba. Ba rashin iya aiki ba ne ya jawo haka. Injiniyoyi ne suka yi gaba da abin da hanya ba ta gama jarrabawa ba.

A littafina na ga ƙaramin misalin wannan sau da yawa. Muna da wata babbar mota da jikinta ke zaune a kan jakunkunan iska a maimakon sifirin na ƙarfe. A kan hanya ba ka jin rami ko kaɗan. Da ta tsufa, sai a wayi gari a tarar ta durƙusa ta gefe guda, domin robar jakar ta tsage, famfon da ke hura ta ya yi ta aiki har ya ƙone. Sifirin ƙarfe ne kawai a lanƙwashe, ba shi da famfo, ba shi da sensa, ba shi da waya. Kowane jin daɗi da aka ƙara wa mota, an ƙara mata wani abu da zai iya lalacewa: tobo biyu masu ƙara wa inji ƙarfi, kujera mai tausa, rufi mai buɗewa, ƙofar baya mai ɗaga kanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shi ya sa sunan Toyota ke yawan fitowa idan ana zancen juriya. Kamfani ne mai jinkirin karɓar sabon abu, yakan riƙe inji ɗaya shekara da shekaru yana gyara ƙananan kurakuransa. A masana'antunsa an ba ma'aikaci ikon jan igiya ya kira a duba, har a tsayar da layin haɗa motoci, idan ya ga aibi. Corolla ta fara fita a 1966, zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. Da Toyota ta fito da Lexus LS 400 a 1989, ta nuna cewa alfarma da ƙarko ba abokan gaba ba ne. Amma a duba yadda ta yi: Lexus ES, alal misali, ta daɗe tana tarayya da Camry ta Toyota a inji da ginshiƙi, wato tushen da ake gina jikin mota a kai. Alfarmar a sama take, abin da ke ƙasa kuwa an riga an gwada shi a miliyoyin motoci.

Ƙididdigar da ake yi a Amurka ma haka take nunawa: Lexus da Toyota sun saba zama a sahun gaba a binciken Consumer Reports da na J.D. Power. To amma na koyi karanta irin waɗannan jadawali da lura. J.D. Power na ƙirga matsaloli ne a cikin kowace mota 100 da ta shekara uku, kuma ƙorafin da ya fi yawa a shekarun nan na allon mota ne da haɗa ta da wayar hannu. Wayar da ta ƙi haɗuwa da rediyo abin haushi ne, amma ba ta bar kowa a daji ba. Giyabos da ya mutu fa? Sannan shekara uku, a wurin mai shirin riƙe mota shekara goma sha biyar, ai yarinta ce. Abin da nake so in sani shi ne halin motar bayan garanti ya ƙare.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne daina tambayar "wane kamfani?" in koma tambayar "wane inji, wane giyabos, wace shekara?" Tambarin da ke gaban mota ba ya faɗin komai da komai. Audi A3 da Volkswagen Golf ginshiƙinsu ɗaya. Porsche Cayenne da Volkswagen Touareg 'yan gida ɗaya ne. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda suka jawo kiran motoci mafi girma a tarihin Amurka har kamfanin ya karye a 2017, an same su a Honda da Toyota da BMW da wasu da dama, masu tsada da masu araha. Ita kanta Toyota a 2024 ta kira Tundra da Lexus LX kusan 102,000 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin sabon injinsu tun daga masana'anta. A ɗaya ɓangaren, Mercedes W123 da aka fara sayarwa a 1976 har yau ana ganin ta a kan hanya a ƙasashe da yawa. Kamfani ɗaya na iya ƙera gwarzuwa ya kuma ƙera raguwa. Idan aka kawo mini takardar sayen mota da aka canja wa fasali a bana, nakan ce a jira shekara biyu, ko a nemi ta ƙarshen tsohon fasalin, wadda aka gama gano lagonta.

Inda mutane suka fi shiga uku shi ne babbar mota ta hannu. Darajarta na faɗuwa da sauri, bayan wasu shekaru sai ka gan ta kuɗinsu ɗaya da sabuwar ƙaramar mota, zuciya ta ce ga dama ta samu. Kuɗin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan inda yake. Tayarta mai faɗi ce, birkinta babba ne, baƙin manta na musamman ne, fetur ɗin ma sau da yawa sai mai daraja ta sama. A yawancin motocin BMW na zamani ko batir aka canja sai an sanar da kwamfutar motar da na'ura, in ba haka ba cajinsa ba zai tafi daidai ba. Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasit: kwanakin da mota ke yi a gareji ana jiran wani ɗan ƙarfe, ko ana neman bakaniken da ya san ta. A wurin ma'aikata, motar da ba ta tashi ba ranar da ake buƙatar ta ta fi kowace tsada.

Adalci dai, ba duka laifin na motar ba ne. Manyan motocin Jamus an ƙera su ne bisa zaton za a bi jadawalin juye da sabis ba fashi. Wanda ya bi, sukan saka masa da tafiya mai nisa. Wanda ya yi wasa, ba sa yafiya kamar ƙaramar mota mai sauƙin inji. Na ga motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya shafinta kusan fari, ɗayar ya cika har an ƙara takarda, bambancin kawai hannun da ke tuƙa su. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta daɗe tana bayar da rahoton cewa abin da ya fi tsayar da motoci a hanya shi ne batir. Batir kuwa bai san tambari ba.

Hujjar tsaro ma ta rage ƙarfi. Tun Nuwamban 2014 ESP ya zama dole a kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai, ƙananan motoci da yawa na samun taurari biyar a gwajin karo na Euro NCAP. Abin da ya saura wa babbar mota shi ne nauyi da girma, da kuma hutun jiki, wanda ba na raina shi. Mutumin da ke wuni a kan babbar hanya, ya sauka ba ciwon baya, ba ƙarar iska a kunne, ya sayi wani abu na gaske. Haka wanda ke son motar don son ta kawai, yana kuma da abin riƙe ta, babu mai ce masa don me.

Shawarar da nake ba shugabanni idan lokacin kasafi ya zo ba ta cika canjawa ba. Manyan motoci a saye su sababbi, a sayar kafin garanti ya ƙare, ko a ware musu kuɗin gyara tun ranar saye. Ƙananan kuwa, masu tsohon inji da kowane bakanike ya sani, a riƙe su, a dinga juye a kan lokaci, har sai kuɗin gyaransu na shekara ya fara kusantar abin da za a samu idan aka sayar da su.