Barakuda na kallonka, kai kalli ma'aunin iskarka

Mutumin Kaduna bai rasa sanin abin tsoro a ruwa ba. Sunan garin ma daga kada ya samo asali, kuma masuntan bakin kogi sun san yadda minjirya ke girgiza hannu, sun san haƙoran tsage. Amma matasanmu da ke tafiya Legas ko Fatakwal koyon nutso da tukunyar iska don aikin ƙarƙashin jirage da turakun rijiyoyin mai, da masu hali da ke shiga Bahar Maliya daga Jidda ko Masar, kusan tambaya ɗaya suke fara yi: wannan dogon kifin mai haƙora da ke bin mutum, yana cizo? Barakuda ke nan. Yana cizo, amma ba kasafai ba, kuma in ya yi, galibi akwai dalilin da za a iya nunawa da yatsa.

Kifi ne siriri kamar mashi, launin azurfa, muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗara na sama, haƙoran ba su daidaita ba, wasu dogaye wasu gajeru. Yawancin waɗanda ake gani ba su wuce mita ɗaya ba, ko da yake irin na gaɓar Afirka ta Yamma na iya kusantar mita 2. Ɗabi'arsa ita ce ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, sau da yawa a inuwar jirgi ko jikin turke, yana buɗe baki yana rufewa. Sabon ɗalibi sai ya ɗauka wasa haƙora yake masa, alhali numfashi ne, ruwa yake turawa ta ramukan numfashinsa da ke gefen kai. Ga kuma gilashin fuska da ke ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso da shi kusa. Kifin mita ɗaya sai ya koma ɗaya da sulusi a ido, kafin a kai ga ba da labari a jirgi ya zama biyu.

Da ido yake farauta. Abin da yake jira shi ne walƙiyar cikin ƙaramin kifi sa'ad da ya juya a hasken rana, daga nan sai ya harba kansa a guje ya yanka. Duk abin da ya yi irin wannan walƙiya a jikinka ya shiga lissafinsa, kuma a nan mutanenmu suka fi yin sakaci. Zoben azurfa da maza da yawa ba sa rabuwa da shi, agogon ƙarfe, sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, duk a tuɓe su a bari a jirgi. Ƙarafan kaya masu sheƙi a naɗe su da baƙin tef, wuƙa ta zauna a kubenta, hannu kuma a sa masa safa mai duhu, domin farin tafin hannu da ake kaɗawa ma yana ɗaukar ido. A ruwa garau kifin yana ganin mutum gaba ɗayansa, ya san ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya yi ta bi yana kallo kawai. A ruwa gurɓatacce, irin na bakin tashar jirage da damina, zoben kaɗai yake gani, bai ga mai zoben ba.

Masu harbin kifi da mashi su suka fi shan cizo. Kifin da aka soka yana fizge-fizge yana zubar da jini, in ka rataye shi a ƙugu ka gayyaci baƙo har gado. A ɗaure kamun a doguwar igiya da abin da zai yi yawo da shi a sama, nesa da jiki. In barakuda ko shak, babban kifin nan mai farauta a teku, ya nuna yana so, a sakar masa.

Amma abin da ya fi aika mutane asibiti bayan sun haɗu da irin wannan kifi shi ne gudun da suka yi. A zurfin mita 10 nauyin da ke kan jiki ya ninka na sama sau biyu, a mita 20 sau uku. Iskar da ka shaƙa a mita 10 za ta ninka girmanta kafin ka iso sama. Wanda ya firgita yakan riƙe numfashi ya harba sama, iskar ta kumbura ba ta da mafita, huhu ya tsage, kumfa ya shiga jini ya nufi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi ba, tashin mita ɗaya da 'yan kai da cikakken huhu a rufe ya isa ya yi ɓarna. Ko bai riƙe numfashi ba, saurin tashi na sa iskar naitirojin da ta narke a jiki ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza, sai ciwon gaɓoɓi, sai mutuwar ƙafa.

Sai lissafin iska. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar shi ne awon matsin iska da ma'auni ke nunawa) tana ɗauke da lita 2,400. Mutum a natse yana shan kamar lita 20 a minti a sama, wato 60 a mita 20. In ka ware bar 50 na ko-ta-kwana, kana da minti 30. Mai haki don tsoro yana iya ninka shansa sau uku, ya koma lita 180 a minti. In a lokacin allurar ma'auni na kan 80, abin da ya rage masa minti biyar ne da 'yan daƙiƙu, kuma shi ne lokacin da idonsa ke kan kifi, ba ya duba allura.

Saboda haka horon da ake maimaitawa har ya zama jiki shi ne ka tsaya, ka fitar da numfashi a hankali, ka duba ma'auni, sannan ka fuskanci kifin. Hannaye a jiki, ba kaɗe-kaɗe. In akwai dutse ko turke, ka ba shi baya. Ka yi wa abokin nutsonka alama ku matso juna, ku janye a kwance. In za a tashi, a bi igiya, kada a wuce mita 9 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5 kamar kullum, ko da kifin na nan yana kallo. Yawanci yana nan ɗin.

Wanda ya fi barakuda neman faɗa a Bahar Maliya shi ne babban kifin tiriga lokacin da yake gadin ƙwai. Yankin da yake karewa yana faɗaɗa ne zuwa sama kamar mazurari, don haka wanda ya tashi sama ya ƙara shiga gonarsa. A kwance ake fita, ana juya masa takalman iyo ya ciji roba. Kifin more mai kama da maciji kuwa ba ruwansa da kai sai ka zura hannu a raminsa, kuma haƙoransa baya suke kallo, fizgewa ce ke yaga nama. Shak ya fi suna, amma hare-haren da yake kaiwa ba tare da an tsokane shi ba, a duniya baki ɗaya ba sa kai ɗari a shekara. Na Sham el-Shek da ke Masar a Disambar 2010, inda wata Bajamushiya ta mutu, masu iyo a sama ya shafa, kuma cikin dalilan da aka kawo har da sabar wa kifayen da abinci daga hannun mutane.

In cizo ya faru, kada ka jira ganin ja. Launin ja yana ɓacewa tun daga 'yan mitocin farko, a zurfi jini kore-kore ko baƙi yake fitowa kamar hayaƙi. Danna wurin da ƙarfi, abokinka ya riƙe ka, ku tashi a kan ƙa'ida. A jirgi a ci gaba da dannawa aƙalla minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a ɗaure sama da raunin da kamar yatsu uku, a rubuta lokacin. A wanke da ruwa mai tsafta da yawa, a je asibiti ko da raunin ƙarami ne, saboda ƙwayoyin cutar ruwan teku na saurin cin nama, ga kuma allurar sandarewar jiki. Suka daban take da cizo: ƙayar kunamar ruwa, wadda masuntan Binuwai ma suka sani, da ta kifayen dafi na teku, ruwan zafi ake tsoma wurin a ciki, kamar digiri 45, wanda hannun lafiyayye zai iya jurewa, na minti 30 zuwa 90. Mai niyyar hawa jirgin sama ya koma Kaduna kuma ya bari sai awa 18 zuwa 24 sun wuce bayan nutsonsa na ƙarshe.

Akwai sauran hanya ɗaya da barakuda ke kwantar da mutum, a faranti. Manyansa da ke zaune kusa da duwatsun murjani, musamman a Karibiyan da tekunan Indiya da Fasifik, suna tara wani dafi da ake kira siguwatera daga ƙananan kifayen da suka ci. Dafin ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, suya ba ta kashe shi, firiza ma haka. Cikin sa'o'i sai amai da gudawa, sai a ji kamar ana tsira allura a leɓe da yatsu, ruwan sanyi ya riƙa ƙona hannu kamar tafasasshe, wani kuma sai ya yi makonni a haka. Ya fi taruwa a hanta da ƙwai da kai, kan da mu kuma muka fi so a farfesu.