Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shagon Kayan Hoto

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa ni a hannun Alhaji, mai shagon kayan hoto a Sabon Garin Kano. Ba a ɗaukar kowa hoto a shagon. Masu hoto ne ke zuwa sari, har daga Katsina da Damagaram: fim, takardar wanki, garin sinadari da ake kaɗawa a ruwa, ƙwan filasha, sai kyamara jefi-jefi.

Jera kaya aka fara ba ni. Kwalayen Kodak masu ruwan ɗorawa a sama, na Agfa a ƙasansu, takardun Ilford can ciki nesa da taga. Fim mai tsada kuwa a firiji yake kwana, don zafin bazarar Kano ba ya raga masa. Kullum Alhaji sai ya ce, "Yaro, duba kwanan wata kafin ka miƙa wa mutum. In hoton biki ya ƙone, ba a sake ɗaura auren."

Wata rana na tambaye shi, "Ranka ya daɗe, me ya sa kyamarar nan ta yi watanni a cikin gilashi amma ko a jikinka?" Ya ce ai sau ɗaya ake sayen kyamara, fim kuwa kullum ne. Sai da na girma na karanta tarihin kamfanin Kodak, na ga ashe a kan wannan lissafin aka gina shi.

George Eastman, wanda ya kafa Kodak, da farko akawun banki ne a garin Rochester na Amurka. A zamaninsa mai hoto kan shafa wa farantin gilashi sinadari, ya ɗauka, ya wanke tun bai bushe ba, don haka duk inda za shi da tanti da kwalabe yake tafiya. Eastman ya riƙa gwaji da dare a ɗakin girkin mahaifiyarsa, har a 1880 ya fara sayar da busassun farantai da za a iya ajiyewa. A 1881 Henry Strong, mai sana'ar bulalar keken doki, ya zuba jari.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne ba da jimawa ba. Farantan da ke hannun dillalai suka lalace saboda jalatin ɗin da aka kawo masa, wato abin da ke riƙe sinadarin a jikin gilashin, ya canza. Eastman ya karɓe su, ya musanya da sababbi, alhali hakan ya kusa karya shi. Na ga irin wannan da idona. An taɓa kawo mana katan na takarda da haske ya shiga, Alhaji ya aike ni a keke na bi masu hoto ɗaya bayan ɗaya ina karɓowa ina mayar musu da kuɗinsu. A ganina mai sayar da kayan hoto amana yake sayarwa, tunda mai saye ba ya iya buɗe kwali ya duba.

A 1888 kyamarar Kodak ta fito a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In ya ƙare, ka aika da kyamarar zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke maka hotuna, a sa sabon fim, a dawo maka da ita. A 1900 aka fito da kyamarar Brownie a kan dala 1 kacal, don ko yaro ya mallaka, ya dawo sayen fim.

Kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki a 2012. Shagonmu ya rufe shekaru kafin nan, tun da masu hoton da muka sani suka koma na dijital, suka daina leƙo mu. Amma ban kai nan ba tukuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Alhaji ya tura ni koyon wanki a ɗakin duhu.