Inda na kai da aikin shokozoban gaba

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Ƙafar hagu ta shokozoban ta kammala, ta dama kuwa tana nan a wargaje bisa buhu cikin zaure, kuma ita ce ta tsayar da ni. Babur ɗin mai inji 125cc ne, irin wanda ƴan kabu-kabu ke yini a kai. Mai yake zubarwa ta bakin sil, wato zoben robar da ke hana man shokozoba fita, ƙura ta bi ta manne ta yi baƙin zobe, har man ya fara gangarowa wajen birki. In abu ya kai nan an wuce maganar jin daɗin tuƙi, don birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Kwancewa ba ta da wuya in an bi ta a jere. A ɗora babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a sa turmi ko bulo ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Tun ƙafar tana jikin babur a sassauta notin maƙalar sama, sannan a ɗan sassauta murfin da ke kan sandar shokozoban, don in an riga an zare ta babu abin da zai riƙe maka ita. Murfin nan sifirin ne ke tura shi daga ciki, saboda haka a zaren ƙarshe a danne shi da tafin hannu, a kauda fuska.

Notin gindi shi ne mai gardama. Alanki, wato sifana mai kusurwa shida da ke shiga cikin kan noti, ke kwance shi, yana riƙe da wani bututu mai ƙananan huji a ciki, wanda mai ke ratsawa ta cikinsa ya rage wa sifirin saurin dawowa. Da ka murɗa, sai bututun ya bi ka suna juyawa tare. Na kai wa wani dattijon bakanike na Sabon Gari ƙorafi, na ce, "Baba, notin nan ya ƙi." Ya ce, "Ɗana, kar ka fidda sifirin tukuna, bar shi ya danne maka." Haka kuwa aka yi a ƙafar hagu: na kifa ta, yaro ya danna, na buga alankin bugu ɗaya mai kaifi, ya saki. Ta dama sai da na fiƙe bakin ƙotar fartanya na cusa ta sama ta toƙare bututun. Akwai ƴar woshar jan ƙarfe a ƙarƙashin notin, kada ta ɓace cikin rairayi. In ta lotse a sa sabuwa, in ba haka ba mai ya dinga tsattsafowa ta gindi.

Abin da ya fito daga ciki ba za a kira shi mai ba. Toka-toka ne, ga wari, ga ƙyallin garin ƙarfe. Na wanke komai da kananzir na shanya a inuwa bisa tsumma mai tsabta, na rufe, don a garin nan ko kwano ka aje tsakar gida sai ka tarar da rairayi cikinsa.

To ga abin da nake so mu tsaya a kai. Da yawanmu da an ga mai sai a ce sil ya mutu, a sayo sabo a buga, bayan ɗan lokaci ya koma zuba, a ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma leɓen sil roba ne mai laushi, sandar mai sheƙi ce ke kai da komo a cikinsa duk ramin da aka faɗa. Ƙurar hunturu ta zauna a kan sandar, tsakuwar hanyar Dakoro ko ta Madarunfa ta tsattsage sheƙin, damina ta zo tsatsa ta kama gurbin. Kowane gurbi yana da kaifi a gefe, shi ke yanka leɓen. Don haka kafin a sayi komai, a wanke sandar, a fito da ita rana, a bi ta da farce daga sama har ƙasa, musamman tsawon da ke shiga cikin sil. Inda farce ya maƙale, nan ne ciwon. Sannan a mirgina ta a kan gilashi mai kauri: in ta lanƙwashe za a ga haske yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinta.

Ta hagu ƴan ɗigo ne kawai, na sa samfefa mai lamba 1200 da ɗan mai, ina gogawa a kewaye ba a tsaye ba, har farce ya daina jin su. Girman sil yana rubuce a bayansa, lambobi uku ne, misali 31x43x10.5: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri, duk a milimita. A tafi shago da tsohon a hannu, kada a yarda da "ai duk ɗaya ne". Wajen sawa na lulluɓe bakin sandar da leda, na shafa wa leɓen mai, gefen rubutu yana kallon sama. Guntun bututun roba na ruwa na sa na buga shi a hankali har gurbin zoben wayar da ke riƙe sil ya bayyana, zoben ya zauna da ƙara "ƙas", sannan robar ƙura ta hau.

Mai kuma na shokozoba ne 10W na sa. In babu, man giya na ATF ya fi kusa da shi. Man inji da wasu ke ɗurawa ya yi kauri, da sanyin asubar Janairu sai gaba ta sandare. Adadin yana cikin littafin kowane babur. Bayan an zuba, ba sifirin a ciki, a yi ta ja da turawa har kumfa ta ƙare, a danne ƙafar har ƙasa, a auna daga bakin sanda zuwa saman mai. Sirinji da tiyon ƙarin ruwa na kamis sun ishe ka zuƙe abin da ya haura. Na rubuta awon da alli a bango don ta dama ta yi daidai da shi, domin iskar da ke saman man ita ma tana aikin sifirin in ƙafa ta nutse.

Sandar dama kuwa rami gare ta mai zurfi daidai inda sil ke wucewa, samfefa ba za ta cike shi ba. Wasu na cikewa da gam mai ƙarfi su goge, ni dai ban natsu da hakan a babur mai ɗaukar mutum biyu da buhu ba. Zan nemi wata a babbar kasuwa, in ba a dace ba in yi saƙo Katsina ta Ɗan Isa, tare da robar nan mai lanƙwasa da ke rufe sanda gaba ɗaya. Wanda ya taɓa gwada cikon gam ya riƙe masa har damina ta wuce, ya faɗa mana irin gam ɗin da yadda ya goge shi.