Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Darasin Datsar Inabi a Stellenbosch

Makon jiya mun tsaya a kan auren inabi, yadda ake ɗora reshen iri mai daɗi a kan gindin irin Amurka kamar Ramsey ko Richter 110, saboda ƙwaron filoksera mai cin saiwar inabi da ya shiga gonakin Afirka ta Kudu a 1886. Yau za mu shiga darasin da na fi ba wa muhimmanci a duk karatunmu na Jami'ar Stellenbosch da ke Afirka ta Kudu, wato datsa, yanke rassan kuringar inabi a rage su. A can lokacin sanyi ake yinta, Yuli zuwa Agusta, sa'ad da ganye ya zube kuringa ta yi barci. Ɗalibai a gonar gwaji ta Welgevallen suke koyon aikin, kowa da almakashinsa.

Kafin a bar ɗalibi ya yanke ko da reshe ɗaya, sai ya gane wani abu da manoma da yawa ba su sani ba. Nonon inabin da za ka girba bana tun bara aka ƙulla shi. A gindin kowane ganye akwai ido, a cikin idon kuma akwai toho uku a naɗe, babba ɗaya da ƙanana biyu. Tun kuringa tana fure a kakar da ta wuce babban tohon yake yanke shawara: ko ya ƙulla nono, ko ya ƙulla igiyar nan da inabi yake kama waya da ita. Idon da ya sha rana da ɗumi shi ne mai nono. Wanda ya tashi a inuwa, cikin duhun ganye, galibi igiya yake bayarwa. Saboda haka manomin da ya zuba takin yuriya da yawa bara, ya ga gonarsa ta yi kore shar yana murna, shi ne zai tsaya bana yana neman nono bai gani ba. Ganyen da ya burge shi ne ya rufe wa idanun rana.

Shi ya sa ba a datsa da ka. Makonni kaɗan kafin a fara, sai a zaga gona a yanko rassa ashirin zuwa talatin daga wurare dabam-dabam, ban da layin bakin hanya domin ya fi sauran samun rana. A ɗakin gwaji ana bin idanun ɗaya bayan ɗaya daga gindin reshe zuwa sama, a yanka kowanne da reza siriri-siriri a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ido mai rai kore ne, kuma za ka ga nonon a ciki kamar ɗan ƙurji mai haske. Idan babban tohon ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ya mutu, sai dai ƙananan su maye gurbinsa da nono ƙarami ko babu. Ana rubuta abin da aka samu a ido na 1, na 2, har zuwa na 16.

Wannan takarda ce take faɗa maka tsawon da za ka bari. Irin da ake kira Sultana a Afirka ta Kudu, Thompson Seedless a Amurka, wanda ba shi da ƙwallo kuma da shi ake yin yawancin zabibi, idanunsa uku na gindi kusan fanko ne. Albarkarsa daga ido na 4 zuwa sama take. Wanda ya datse shi gajere, ya bar ido biyu a kowane reshe, ya zubar da amfanin shekararsa a ƙasa. Dole a bar masa dogon reshe mai ido 14 zuwa 16. Akwai kuma irin da idon gindinsa yake haihuwa sosai, shi ido biyu ko uku ya ishe shi, kuma in ka bar masa dogon reshe zai ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ga misalin lissafin. A ce kana son kowace kuringa ta fitar da nono 40, domin daga baya ka cire raunana ka bar 28 masu kyau. Gwaji ya nuna ido biyu ne suke ba da nono ɗaya. Ke nan ido 80 kake bukata, wato kusan rassa 6 masu ido 14. Idan baɗi gwajin ya nuna idanun sun fi haihuwa, sai ka rage. Lissafin bara ba ya yi wa bana aiki.

Sai zaɓen reshen kansa, kuma nan ne hannu yake bambanta da hannu. Ana neman reshe ɗan shekara ɗaya wanda ya fito daga itace ɗan shekara biyu, mai kaurin fensir, kamar milimita 8 zuwa 12, zagayayye, ɓawonsa ya nuna ya zama ruwan ƙasa har ƙarshe, gaɓoɓinsa ba su yi nisa da juna ba. Sabon ɗalibi kullum idonsa a kan ƙaton reshe yake, mai kaurin babban yatsa, mai faɗi-faɗi da dogayen gaɓoɓi. Wannan ƙiba ce ta banza, idanunsa sun fi na kowa mutuwa. Siririn da bakinsa bai nuna ba shi ma a bar shi, ba shi da abincin da zai ciyar da toho. Kusa da kowane dogon reshe kuma ana barin gajere mai ido biyu, daga nan reshen baɗi zai fito. In an manta da shi, kowace shekara wurin haihuwa zai riƙa nisa da gangar jiki har kuringa ta fita daga rumfarta.

Yankan a yi shi santimita biyu sama da idon ƙarshe, a karkace ta yadda ruwa zai gangara nesa da idon. Almakashi ya zama mai kaifi, domin dakusasshe murƙushe itace yake yi. Ba a datsa ana ruwa ko ana sa ran ruwa, domin a lokacin ne ƙwayoyin funfunar da ke kashe gangar jiki, irin su Eutypa, suke yawo, kuma sabon rauni ne ƙofarsu. Cutar ba ta nuna kanta sai bayan shekaru, ka ga hannu guda na kuringa ya tsumbure, ka yanka ka tarar da mataccen itace a ciki. Duk babban rauni a shafe shi da maganin rufe rauni a ranar.

Matsala ta gaba ita ce dogon reshe ba ya tohuwa daidai. Idanun ƙarshe su ke riga fita, su danne na tsakiya, sai ka ga reshe mai ido 14 da toho biyar. Lanƙwasa reshen a kan waya har ya ɗan yi ƙara yana rage wannan. Inda idanun ba su sami isasshen sanyin da suke bukata kafin su farka daga barci ba, ana amfani da maganin Dormex a tashe su. Magani ne mai haɗari, yana ƙona fata, Tarayyar Turai ma ta hana shi. Safar hannu, tabarau da abin rufe hanci wajibi ne, kuma kada a wuce awon da ke jikin kwalba, domin in ya yi yawa idon yake ƙonawa.

Ga masu noman inabi a wajenmu, irin na Kudan a Jihar Kaduna, kalandar Stellenbosch ba za ta yi ba, tunda kuringa ba ta samun sanyin da zai sa ta barci. Tsarin da ya fi kusa da yanayinmu shi ne na Nashik a Indiya, inda ake datsa sau biyu a girba sau ɗaya. A Afrilu manoman can su datse komai zuwa ido ɗaya domin a gina sababbin rassa su sha rana, a Oktoba su yi datsar haihuwa, su shafa maganin Dormex a idanu biyu ko uku na sama cikin kwana biyu, su girba wata huɗu zuwa biyar bayan haka. Hikimar ita ce fure da nuna su faɗo cikin rani. Furen da ya haɗu da ruwan Agusta, funfunar ganye za ta cinye shi cikin 'yan kwanaki, kuma ɗan inabin da ya fara zaƙi fashewa yake yi in ruwa ya dake shi. Manomi ya ƙirga baya daga watan da yake son girbi, sannan ya sa ranar datsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki aikin rage 'ya'ya a jikin nono da awon zaƙi kafin girbi.