Yawon dare a Sao Paulo da yadda nake riƙe baƙina

Duk wanda na gaya wa sana'ata ta jagorar baƙi yawon dare sai ya ɗauka ai kawai tara mutane nake yi na nuna musu ƙofar kulob na karɓi kuɗina na tafi gida. Wallahi ba haka abin yake ba. Ƙaramin kamfani gare ni a Sao Paulo, ni da direbobi biyu da wata yarinya mai amsa saƙonni, kuma yawancin baƙinmu masu son jinsi ɗaya ne, maza da mata. Wasu ma'aurata ne da takardarsu a hannu, dama nan Brazil tun 2013 aka buɗe musu hanyar aure a duk faɗin ƙasar, wasu kuma daga ƙasashen da ko hannun juna ba su isa su riƙe a titi ba suke zuwa, kuma waɗannan na biyun su ne suka sa na ɗauki aikin nan da nauyi haka.

Ba da wannan na fara ba. Da na zo garin nan kaya nake tallatawa a unguwar Brás, Fotugis ɗina ma na ciniki ne kawai. Wata dattijuwa mai ɗan wurin cin abinci kusa da dandalin Largo do Arouche ita ta ɗauke ni wanke-wanke da daddare, Tia nake ce mata, wato gwaggo, ita kuma ɗana take kira na. A wajenta na koyi karanta titi. Ta kan tsayar da ni bakin ƙofa ta ce na gaya mata wane ne baƙo a garin, wane ne ya sha ya wuce misali, wane ne ya zo farautar waya. Idan na kuskure sai ta nuna min takalmin mutum ko yadda ya riƙe jaka. Ita ce ta ba ni labarin zamanin mulkin soja, yadda 'yan sanda ke zuwa unguwar su kwashe masu son jinsi ɗaya kamar kaji, shi ya sa har yau idan na wuce Avenida Vieira de Carvalho na ga dattawan nan zaune a teburansu na waje hankali kwance sai na tsaya na gaishe su da girmamawa, na gaya wa baƙi cewa kan waɗannan aka fara shan wuya.

Tsarina ba na gaggawa ba ne. Da rana mu leƙa gidan tarihin nan Museu da Diversidade Sexual da ke cikin tashar jirgin ƙasa ta República, wanda aka buɗe a 2012, sai kowa ya koma otal ya yi barci sosai, don daren garin nan ba ya farawa da wuri. Wajen ƙarfe tara mu haɗu a Arouche kusa da masu sayar da furanni, mu ci abinci, daga nan mu hau Rua Frei Caneca da Rua Augusta inda za ka ga titi cike maƙil mutane na tsaye da kofi a hannu. Kulob kam kafin ƙarfe ɗaya na dare kamar kufai ne, duk wanda ya kai ka sha ɗaya bai san aikin ba. Mai son kallon wasan drag, masu kwalliya da rawa a kan dandamali, unguwar Barra Funda nake kai shi, kuma na san daren da ya fi armashi da kusurwar da za ka tsaya ka ga komai ba a matse ka ba. Wanda ba ya shan giya ba wata matsala, ga lemon guaraná mai sanyi, ni kaina shi nake sha.

Ƙananan abubuwa ne ke raba gwani da ɗan koyo. Katin nan da ake ba ka a ƙofa, comanda, wanda ake rubuta duk abin da ka sha a kai, idan ya ɓace tara mai zafi za ka biya. Kar ka bar kofinka a tebur ka tafi rawa, akwai masu zuba ƙwaya, Boa noite Cinderela suke kiran abin. Kar ka fito da waya bakin titi, mai keke zai fizge ta kafin ka ƙifta ido. Yawanci jirgin ƙasa yana tsayawa wajen sha biyun dare sai 4:40 na asuba, toh dole ka san da me mutanenka za su koma.

A nan ne raina ke ɓaci. Yanzu kowa ya zama ɗan jagora, yaro ya buɗe shafi a Instagram ya kwafe hanyata tsaf, har wuraren da nake tsayawa, ba shi da rajistar Cadastur ta ma'aikatar yawon buɗe ido, ya karya farashi, ƙarfe biyu na yi ya bar mutane a tsakiyar Augusta ya ɓace. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bidiyo. Su ɗauki fuskar baƙo yana rawa su watsa don talla, ba su san mutumin nan zai koma inda hoto ɗaya zai raba shi da aikinsa da danginsa ba, ko ma ya kai shi kurkuku. Akwai wani bawan Allah da ya kira ni da asuba yana kuka saboda irin wannan, ba ma kwastomana ba ne, muka yini muna bin yaron har ya goge. A wajena babu hoto sai wanda ka ɗauka da wayarka, kuma ba na ajiye sunan kowa bayan ya tafi. Sai kuma mutum ya zo yana min ciniki wai wane ya ce zai yi masa a rabi. Na kan ce masa ya tambayi wane ɗin ko zai raka shi har ƙofar otal ƙarfe biyar na asuba.

Mu kam haka muke rufe dare, a gidan burodi mai kwana buɗe, kofi da madara da burodin da aka gasa da man shanu, kowa ya gaji ana ta dariya, sannan direba ya sauke kowa ɗaya bayan ɗaya ni ne na ƙarshe.

Babban lokacinmu shi ne faretin masu son jinsi ɗaya na titin Avenida Paulista, wanda aka fara a 1997, yanzu kuma yana cikin mafi girma a duniya, ana yin sa ranar Lahadin da ke bin hutun Kirista na Corpus Christi, yawanci a watan Yuni. Manyan motocin kiɗa su taso daga Paulista su gangara Rua da Consolação, jama'a ba masaka tsinke. Ku tuna Yuni lokacin sanyi ne a nan, a zo da rigar sanyi. Mutum shida kacal nake ɗauka ranar don idona ya kai kan kowa, mai so ya yi magana tun watan Maris kafin otal-otal na kusa su cika.