Abin da na koya a kantin ƙananan jiragen ƙasa

A shekarun da nake karatun injiniya a Ingila, na samu aikin wucin gadi a wani kanti da ke sayar da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, irin waɗanda ake shimfiɗa wa diga a kan tebur su riƙa gudu da lantarki. Na ɗauka kayan wasan yara ne, sai na tarar yawancin masu shigowa dattawa ne, kuma abin da ya fi kawo su shi ne jin labarin kawunan jiragen dizal da ake shirin fitarwa.

Tsarin kasuwar ne ya haifar da wannan ɗoki. Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann da Accurascale sukan sanar da sabon samfuri tun ba a ƙera shi ba, mai so ya ba da sunansa, sannan a yi adadi ƙayyadadde a masana'antun ƙasar Sin. Tsakanin sanarwa da isowar kaya akan yi shekara guda, wani lokaci biyu, wanda bai yi oda ba kuwa yakan rasa. A nan na fara yin kuskure, domin na taɓa tabbatar wa wani dattijo cewa nasa zai iso kafin Kirsimeti, alhali hasashe ne kawai na gani a takardar talla. Kayan suka makara da watanni. Bai yi mini faɗa ba, amma duk ranar Asabar yakan leƙo ya tambaya, ni kuwa kunya ta hana ni sakewa. Tun daga lokacin na daina yanke wa mutum ranar da ba a hannuna take ba, kuma wannan ɗabi'a ta bi ni har wurin aikina na yanzu.

Wannan dattijon ne kuma ya koya mini duba abu da idon basira. Kan jirgin da yake jira shi ne Class 37, wanda kamfanin English Electric ya ƙera guda 309 tsakanin 1960 da 1965. A wurina duk ɗaya suke. Wata rana ya zaro wani tsohon littafi daga aljihu, wanda tun yana yaro yake rubuta lambobin jiragen da suka wuce tashar garinsu, ya ɗora yatsa a kan lamba guda, ya bayyana mini cewa na farko-farkon Class 37 suna da akwatin alama biyu a goshi, wato inda ake nuna lambar tafiyar jirgi, ɗaya dama ɗaya hagu, na baya kuma guda ɗaya a tsakiya. Mai akwati biyun yake so, domin shi ya gani da idonsa. A ganina wannan ba tsirfa ba ce, girmama aikin waɗanda suka ƙera na gaskiyan ne.

Sai batun ma'auni, wanda ya fi taɓa ni. Turawan Ingila suna amfani da OO, wato kashi 1 cikin 76 na girman jirgin gaske, Amurkawa kuma HO, kashi 1 cikin 87, amma faɗin digarsu ɗaya ne, milimita 16.5. Da na fahimci haka sai tunanina ya koma gida, ga layin dogon da ya iso Kano a 1911, mai faɗin milimita 1,067, wanda bai kai na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. Na yi lissafi na ga cewa wanda zai kwaikwayi tsohon layinmu a ma'aunin HO, diga mai milimita 12 yake bukata. Na bincika duk kundayen tallan da ke kantin ban ga kan jirgi ko ɗaya mai fentin Nijeriya ba, saboda haka kafin in dawo na sayi diga mai milimita 12, na soma tattara hotunan tashar Kano da ta Zariya ina auna tsayin gine-ginensu.