Mako na biyar: na koma kallon ƙafa

'Yan'uwa masu koyon kallon tsuntsaye, makon nan na ajiye launi da kuka gefe, na sa ido a ƙafa kawai. Dalili kuwa, da na buɗe littafin zanena na watan jiya sai na tarar na yi wa maƙwaƙƙwafi ƙafar kurciya, yatsu uku gaba ɗaya baya. Kunya ta kama ni.

Ranar Asabar bayan asuba na zauna gindin wani busasshen gawo a bakin fadama. Sai wajen bakwai maƙwaƙƙwafin ya iso, namiji, mai ja a ka. Ya manne a jikin icen a tsaye, yatsu biyu gaba biyu baya, ya tokare da wutsiya kamar mai gini ya kafa gwafa. Gashin wutsiyar nan tauri gare shi, shi ke ɗaukar nauyinsa lokacin da yake sara. Hawa yake yi da ɗan tsalle-tsalle yana zagaya icen, in ya kai ƙarshe sai ya tashi ya faɗa gindin wani. Harshen ne ban samu gani ba. Dogo ne ƙwarai, tushensa ma zagaye ƙoƙon kai yake yi, da shi yake zaƙulo tsutsa daga rami.

Tsirya kuwa, 'yar'uwar aku, ƙafarta iri ɗaya ce da tasa, amma hawanta daban. Da baki take kama reshe ta ja jikinta, ta riƙe abinci da ƙafa ɗaya kamar hannu.

Wannan ƙafar ce ta sa a 1811 wani Bajamushe, Illiger, ya tara su rukuni guda, wai masu hawa. Ni dai rukunin bai gamsar da ni ba tun da na kalli ragon maza. Shi ma biyu gaba biyu baya ne, amma yini yake yana saɓi-zarce cikin ciyawa da sarƙaƙiya. Masana sun daɗe da wargaza rukunin: maƙwaƙƙwafi da danginsa daban, su aku daban, su ragon maza daban. Binciken ƙwayoyin halitta na 2008 ma ya nuna aku ya fi kusa da shaho a kan maƙwaƙƙwafi.

Hotunan wayata duk sun yi dishi-dishi, don haka na sake zanen da fensir. Asabar mai zuwa ƙulƙulu zan bi, in ga yadda yake juya yatsansa na gefe.